Gilashi Mai Jure Karce: Yashi, Siririyar Yana da Fuskar Waya a Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

A unguwar Ashanti New Town ta birnin Kumasi, da unguwannin Zango da ke kusa da ita irin su Alabar da Aboabo da Asawase, da wuya a shiga gidan da babu gilashi iri uku ko huɗu a cikinsa. Akwai na taga, akwai madubi, akwai tabarau na dattijo mai karatu, sannan akwai fuskar wayar hannu. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shan wahala, domin kullum yana aljihu ko jaka, yana gogayya da tsabar kuɗi da makulli da ƙura. Tun shekarar 2009, lokacin da kamfanin MTN ya fara hidimar aika kuɗi ta waya a Ghana, waya ta zama lalitar ɗan kasuwa. Mai sayar da goro ko hatsi a kasuwar Kejetia da ita yake karɓar kuɗi, da ita yake biyan mai kawo masa kaya daga arewa. Idan fuskarta ta fashe ta daina jin yatsa, ciniki ya tsaya har sai ya je wurin masu gyara a Adum, kuma sau da yawa kuɗin sabuwar fuska ya kan cinye ribar kwanaki.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan abubuwa uku. Na farko, abin da ke karce gilashi da yadda karce ke kai shi ga fashewa. Na biyu, dabarun da masana suka gano na ƙarfafa shi. Na uku, siririn shafen da ake yi masa domin ya yi aikin da shi kaɗai ba zai iya ba.

2.0 Wasu Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a rarrabe wasu kalmomi da akan cakuɗa su a maganar yau da kullum. Kalmar gilashi aro ce daga Ingilishi, amma madubi Hausa ce tsantsa, daga aikatau duba, kamar yadda aka sami mabuɗi daga buɗe. Tauri a nan shi ne yadda abu ke ƙin karcewa idan an goga masa wani abu. Ƙwari shi ne yadda yake jure duka ko lanƙwasa ba tare da ya karye ba. Gautsi kuwa shi ne halin abin da ke fashewa farat ɗaya ba tare da ya lotsa ba. Gilashi yana da tauri, amma yana da gautsi. Roba ba ta da gautsi, amma ba ta da tauri. Dukkan binciken da za a yi magana a kansa ƙoƙari ne na tara tauri da ƙwari a abu guda. Ita kuma kalmar yana, wadda aka sani a saman madara ko kunu idan ya huce, da ita za a kira shafen nan da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba.

3.0 Abin da Ake Haɗa Gilashi da Shi

Asalin gilashi yashi ne. Ma'adinin da ya fi yawa a cikin farin yashi ana kiransa silika, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Selshiyas. Saboda haka tun zamanin da ake zuba masa wani gishiri da zai sauƙaƙa narkewarsa. Mutanen Masar na dā kanwa suke zubawa, wato 'yar uwar wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi ana kawowa kasuwannin ƙasar Hausa. Sai dai gilashin yashi da kanwa kaɗai ruwa na cin sa a hankali, don haka ake ƙara masa dutsen farar ƙasa. Gilashin taga da na kwalba na yau haka yake: kimanin kashi 70 cikin 100 silika ne, sauran mafi yawa sinadarin kanwa ne da na farar ƙasa.

Hanyar da ake yin gilashin taga shimfiɗaɗɗe a yanzu ta fito ne daga kamfanin Pilkington na Ingila, wanda ya bayyana ta a 1959. Ana kwarara narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, sai ya bazu sumul kamar mai a kan ruwa, ya sandare ba tare da an goge shi ba.

4.0 Gilashi a Afirka ta Yamma

Gilashi ba baƙo ba ne a wannan yanki. A wurin da ake kira Igbo Olokun a Ile-Ife, masanin kimiyyar tono kayan tarihi Abidemi Babatunde Babalola da abokan aikinsa sun haƙo dubban duwatsun ado na gilashi da ɓaraguzan tukwanen narkarwa. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen Ife suna haɗa gilashi nasu na kansu, mai yawan sinadarin farar ƙasa da na alumina. An sami irin waɗannan duwatsu har a Gao ta ƙasar Mali. A Bida ta ƙasar Nufe kuma akwai masagā, masu yin ƙarau da duwatsun wuya, waɗanda S. F. Nadel ya bayyana sana'arsu a littafinsa na 1942.

A ƙasar Ghana, mutanen Krobo da na wasu ƙauyukan Asante kusa da Kumasi suna daka fasassun kwalabe su zama gari, su zuba a ƙananan mazubai na yumɓu, su gasa su zama duwatsun ado. Thomas Bowdich, Baturen da ya ziyarci Kumasi a 1817, ya ba da labarin Musulmin da ya tarar a birnin, da kuma darajar da Asantawa ke ba wasu duwatsun ado. Fatake da ke zuwa sayen goro ta hanyar Salaga na cikin masu yawo da irin waɗannan kaya, kuma sunan Zango, da ake furtawa Zongo a Ghana, daga masaukin ayarinsu ya samo asali.

Abin lura a nan shi ne alumina. Wannan sinadari da ya yi yawa a gilashin Ife, shi ne kuma ke bambanta gilashin fuskar waya da na taga a yau, domin yana ƙara wa gilashi tauri da juriya.

5.0 Abin da Ke Karce Gilashi

A 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: abu ba ya karce wanda ya fi shi tauri. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, ma'adinin kwaz yana 7, dutsen safaya yana 9, lu'ulu'u kuma shi ne na 10.

Daga wannan jeri za a fahimci wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Makulli na tagulla da tsabar kuɗi ba su kai gilashi tauri ba, saboda haka ba su ne manyan masu laifi ba. Mai laifin shi ne ƙwayar yashi, domin yawancinta kwaz ce. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan sauko da hazo daga Sahara har Kumasi, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren da ƙurar ke tasowa shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi. Kwaz na cikin ma'adinan da suka fi yawa a ƙurar da ke sauka a Najeriya da Ghana. Ƙura ta kwanta a fuskar waya ko tabarau, mai shi ya sa gefen riga ya goge a bushe, ashe da hannunsa yake jan yashin a kan gilashin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

6.0 Daga Karce Zuwa Fashewa

Karce ba muni kawai yake jawowa ba, shi ne ƙofar fashewa. Wanda ya fara bayyana wannan da lissafi shi ne A. A. Griffith, injiniya ɗan Ingila, a wata maƙala da ta fito a 1921. Ya lura cewa sabon zaren gilashi siriri ya fi gilashin yau da kullum ƙwari ninkin-ba-ninkin. Dalili shi ne fuskar gilashin da aka taɓa ko aka goga cike take da 'yan tsage-tsage waɗanda ido ba ya gani. Idan aka lanƙwasa gilashin, duk ƙarfin jan sai ya taru a bakin tsaga mafi zurfi, ta buɗe ta ratsa shi.

Mai yanka gilashin taga da wannan yake aiki kullum. Ba ya yanka gilashin kamar yadda ake yanka katako da zarto. Layi ɗaya yake ja masa da ɗan ƙarfensa, sannan ya ɗan danna, gilashin ya rabu daidai kan layin. Haka mai sayar da yadi ke ɗan tsaga bakin ƙyalle da almakashi kafin ya ja ya kece shi. Bugu da ƙari, laimar iska na taimaka wa tsaga ta ci gaba da tafiya a hankali, domin ruwa na warware ɗaurin silika a bakin tsagar. Wannan na cikin abin da ya sa akan ga waya ta faɗi yau ba ta fashe ba, amma bayan makonni ta ɗan bugu kaɗan sai ta tsage.

Darasin da masana suka ɗauka shi ne: tsaga ba ta buɗewa sai an ja ta. Idan aka sami hanyar da fatar gilashi za ta zauna a matse, tsagar za ta kasance baki a rufe.

7.0 Hanyoyi Biyu na Matse Fatar Gilashi

Hanya ta farko ta zafi ce. Ana gasa gilashi ya haura digiri 600, sannan a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya. Fatar waje ta sandare da wuri, cikin kuma ya huce daga baya yana tsukewa, yana jawo fatar tana matsewa. Wani Bafaranshe, François de la Bastie, ya yi rajistar irin wannan dabara a 1874. Gilashin da aka yi wa haka ya fi na taga ƙwari sau huɗu zuwa biyar, kuma idan ya fashe yana zubewa ne ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Shi ne a tagogin gefen mota. Amma ba ya yankuwa bayan an gasa shi, kuma dabarar ba ta aiki sosai a gilashi siriri. Gilashin fuskar waya kuwa bai kai kaurin milimita 1 ba.

Hanya ta biyu ta sinadari ce. Ana tsoma gilashin cikin narkakken gishirin fotasiyam, irin wanda ake haɗa albarushi da shi, a zafin da ya kai wajen digiri 400, ya yi awoyi a ciki. A cikin gilashin akwai ƙwayoyin zarra na sodiyam. Waɗanda ke kusa da fata sai su fito, na fotasiyam su shiga gurabensu. To, ƙwayar fotasiyam ta fi ta sodiyam girma da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Misalin wannan kamar huhun goro ne da aka ɗaure tam, sannan aka riƙa zare minu na gefe ana cusa marsa a madadinsu. Huhun bai ƙara faɗi ba, saboda haka goron gefen zai matse juna har allura ta rasa wurin shiga. Zurfin wannan matsattsiyar fata bai wuce kaurin gashin kai ɗaya ba, amma muddin karce bai zarce ta ba, tsaga ba za ta buɗe ba. Gilashi mai alumina ya fi karɓar wannan musaya da sauri da zurfi.

Kamfanin Corning na Amurka ya fito da gilashi irin wannan a 1962 da sunan Chemcor, amma bai sami kasuwa sosai ba a lokacin. Sai a 2007, da kamfanin Apple ya nemi gilashi siriri mai ƙwari domin wayar iPhone ta farko, aka koma ga dabarar. Daga nan aka sami gilashin da ake kira Gorilla Glass, wanda ke kan wayoyin kamfanoni da dama. Ya kamata a lura cewa wannan aiki ƙwari yake ƙarawa ƙwarai, tauri kuwa kaɗan. Har yanzu yashi na karce irin wannan gilashi.

8.0 Siririyar Yana

Duk wanda ya ga man mota ya ɗiga a kududdufi bayan ruwan sama ya ga launuka kamar na bakan gizo. Man ba shi da waɗannan launuka. Sirantarsa ce ta kai ga tsawon zangon haske, sai hasken da ya dawo daga samansa da wanda ya dawo daga ƙasansa suke haɗuwa, wani launi ya ƙarfafa, wani ya mutu. Masana sun mayar da wannan abu dabara.

Kowace fuska ta gilashi tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, shi ya sa ake ganin ƙyalli. A 1886 Lord Rayleigh ya lura cewa tsohon gilashi da fatarsa ta ɗan dusashe ya fi sabo barin haske ya wuce. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Carl Zeiss a Jamus ya yi rajistar hanyar shafa wa gilashi yana mai kashe ƙyalli, sannan a 1938 Katharine Blodgett ta kamfanin General Electric a Amurka ta nuna gilashin da ta jera wa yana 44 har ya zama kamar babu shi. Yana guda ta sinadarin magnesiyam fulorayid, mai kaurin nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita, tana rage ƙyallin daga kashi 4 zuwa ƙasa da kashi 2. Idan aka jera yana da yawa sai ya ragu fiye da haka. Ɗan koren ko shuɗin launi da ake gani a tabaran likita da idon kyamara alamar wannan shafe ne.

Ba da buroshi ake shafa irin wannan yana ba. Hanya ɗaya ita ce a sa gilashin a tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a dafa sinadarin har ya zama tururi, ya sauka a kan gilashin kamar raɓa. Wata hanyar ita ce a riƙa harbin dunƙulen sinadarin da ƙwayoyin iskar argon, ɓarɓashinsa na tashi yana manne wa gilashin. Hanya mafi araha ita ce a tsoma gilashin a ruwan sinadari, yanar ta tsiro a kansa a hankali. Da wannan hanya ta ƙarshe masu bincike a sashen fiziks na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi suka yi nazarce-nazarce a kan yanar da ake amfani da ita wajen mayar da hasken rana lantarki. Jami'ar ta fara ne a matsayin kwaleji a 1952, ta zama jami'a a 1961.

Kowace yana da aikinta. Wadda ke sa waya ta ji yatsa tana ɗaukar lantarki amma haske na ratsa ta, kuma galibi da sinadarin indiyam da kuza ake yin ta. Wadda ke can sama mai santsi ce, tana hana maiƙon hannu mannewa, kuma ita ce ke fara gogewa bayan an daɗe ana amfani da wayar. Tabaran likita na yanzu yawancinsu roba ce ba gilashi ba, don haka ake yi musu shafe mai tauri. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba kamfanin tabarau na Foster Grant lasisin irin wannan shafe a 1983. A 2001 kuma Pilkington ya fito da gilashin taga mai yanar titaniyam wadda ke narkar da datti da taimakon hasken rana, ruwan sama ya wanke.

9.0 Inda Binciken Ya Dosa

Mai tambaya zai ce, tun da safaya ta fi yashi tauri, me zai hana a yi fuskar waya da ita? An gwada. Ana yin safaya a masana'anta, kuma ana sa ta a fuskar agogo masu tsada. Amma tana da tsada, tana da nauyi, ta fi gilashi ƙyalli, kuma tana da gautsi. Kamfanin GT Advanced Technologies, wanda ya buɗe masana'anta a jihar Arizona domin yi wa Apple safaya, ya karye a watan Oktoba na 2014.

Saboda haka bincike ya kasu gida biyu. Na farko shi ne shuka ƙananan ƙwayoyin ma'adini a cikin gilashin kansa domin su tare tsaga idan ta taso. Donald Stookey na Corning ne ya gano wannan nau'i a 1953, da tanderunsa ya yi zafi fiye da kima. Wahalar ita ce a ƙanƙanta ƙwayoyin yadda haske zai ratsa, kuma an cim ma haka a gilashin Ceramic Shield da ya fito a 2020. Na biyu shi ne shafa yana mai tauri a kan gilashin. Nan ma akwai matsala, domin yana mai tauri a kan abin da bai kai ta tauri ba kamar ɓawon ƙwai take, idan an danna sai ta tsage, tsagar kuma na iya gangarawa cikin gilashin. Maganin da ake bi shi ne jera yana masu tauri da masu ɗan laushi bi da bi. Gilashin Gorilla Armor, da ya fito a kan wayar Samsung Galaxy S24 Ultra a 2024, ya haɗa jure karce da rage ƙyalli, kuma kamfanin ya ce yana rage ƙyallin da abin da ya kai kashi 75 cikin 100.

Amfanin wannan bincike bai tsaya ga waya ba. Faifan sola, irin na tashar Navrongo da aka buɗe a arewacin Ghana a 2013 da waɗanda ke kan rufin gidaje da masallatai, gilashinsu na da yana mai kashe ƙyalli domin haske ya shiga da yawa. Ƙurar hunturu na rufe su, yawan gogewa kuma na cinye yanar. Neman yanar da za ta jure shekaru ana wanke ta na cikin abubuwan da suka shafi ƙasashen da ke bakin Sahara kai tsaye.

10.0 Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

A kwalin gilashin kariya da ake manna wa fuskar waya akan ga an rubuta 9H. Wannan ba 9 ta ma'aunin Mohs ba ce. Ma'aunin fensir ne, ma'anarsa fensir mai tauri lamba 9H bai karce shi ba, kuma gilashin taga ma ya ci wannan jarrabawa. Amfanin gilashin kariya na gaskiya shi ne ya sha karcen da fuskar wayar za ta sha, a ɓamɓare shi a sa wani da kuɗi kaɗan. Har ila yau, ba kowace fuskar da ake canzawa a shagon gyara ce aka tsoma a gishirin fotasiyam kamar ta asali ba, kuma ido ba ya iya bambancewa, saboda haka yana da kyau a tambayi mai gyara irin wadda zai sa. A lokacin hazo kuma, a fara hure ƙura ko a ɗauraye tabarau da ruwa kafin a goge da ƙyalle mai laushi. Ruwan zafi da sabulu mai kaifi na ɓata yanar tabarau.

11.0 Kammalawa

An ga cewa yashi ne asalin gilashi, kuma yashi ne babban mai karce shi. An ga cewa karce ne ke buɗe hanyar fashewa, cewa matse fatar gilashi da zafi ko da gishiri na hana tsaga buɗewa, da kuma cewa siririyar yana na ba gilashi halayen da ba shi da su. Har yau ba a sami gilashin da ya tara tauri da ƙwari da araha gaba ɗaya ba, kuma sababbin nau'o'in kan fara fitowa ne a wayoyi masu tsada kafin su sauko ga waɗanda yawancin mutanen Zango ke saye. Kafin lokacin, rigakafi ya fi magani: a raba fuskar waya da yashi, a kuma sa mata kariya tun tana sabuwa.